Me ya sa sanyin Birtaniya kan juye daga lumshi zuwa ruwa da iska?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce 'yar Zariya, bana ne sanyina na farko a Mancesta. Kusan mako biyu gari ya yi lumshi, ba rana, ba ruwa, ba iska, sai sanyi mai ratsa ƙashi. Kwatsam shekaranjiya sai ga ruwa da iska ba ƙaƙƙautawa. Abin da ya ɗaure mini kai, waya tana nuna ma'aunin zafi ya tashi daga digiri 3 zuwa 11, ni kuwa sanyin da nake ji ya fi na da. A gida ai ruwa da hunturu ba sa haɗuwa. Me ke faruwa? Zai daɗe a haka? Me ya kamata in kiyaye, ga ni da yara biyu?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya taimaka, ya raya yara.

Wayarki ba ta yi ƙarya ba, jikinki ma bai yi ba. Abin da kika gani ba sanyi ɗaya ne ya tsananta ba. Yanayi biyu ne daban, ɗaya ya kau ɗaya ya maye gurbinsa, kuma kusan a komai sun saɓa wa juna. Mai ruwa da iskan nan da ya firgita ki shi ne ainihin halin sanyin Birtaniya, shi za ki fi gani daga Nuwamba zuwa Maris. Mai lumshi da tsit ɗin kuwa lokaci-lokaci yake zuwa.

Mu fara da makonnin lumshin. Iskar da ke bisa kanmu tana da nauyi, ana auna shi da milibar, matsakaicinsa a daidai bakin teku 1013. In kika ga an zana wata babbar da'ira a kan Birtaniya a taswirar hasashe, an rubuta 1030 ko 1035 a tsakiya, to babban matsi ne ya sauka. A cikinsa iska daga can sama take gangarowa a hankali, kuma iska in tana gangarowa matsewa take yi, in ta matse sai ta yi ɗumi ta bushe. Sai dai ba ta isowa har ƙasa. Wajen kilomita ɗaya sama da rufin gidaje take tsayawa, ta shimfiɗu a kan iskar ƙasa mai sanyi da danshi. Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, saboda haka ta ƙasan ba ta da ƙarfin ratsa ta saman. An kifa wa tukunya murfi ke nan. Duk tururin da teku da jiƙaƙƙiyar ƙasa suka fitar, da hayaƙin motoci da na gidaje, a ƙarƙashin nan zai taru, shi ne wannan gajimare mai launin toka da ya rufe miki sama daga wannan gefe zuwa wancan. Ba shi da wani kauri, sau da yawa 'yan ɗaruruwan mita ne, shi ya sa ba ya ba da ruwan kirki, iyakarsa yayyafi. Jirgin da ya tashi daga filin Mancesta a irin wannan rana, cikin 'yan mintuna zai huda shi ya fito cikin rana tarwai.

Da a Zariya ne, kafin hantsi rana ta tarwatsa shi. A Mancesta kuwa ranar ce ba ta da ƙarfi. Zariya tana wajen digiri 11 arewa da tsakiyar duniya, Mancesta tana 53 da rabi. A ƙarshen Disamba, ko da tsakar rana, rana ba ta wuce digiri 13 sama da inda ƙasa ta haɗu da sama, alhali a Zariya tana kai wajen 55. Yinin ma gaba ɗaya awa bakwai da rabi ne, ke ma kin ga yadda Azahar da La'asar da Magariba suke bin juna a gurguje, kafin ƙarfe 4 an kira Magariba. Hasken da bai kai ya ɗumama ƙasa ba, ba zai iya narkar da gajimare ba. In kuwa iskar da babban matsin ya rufe busasshiya ce, sai sama ta washe da dare, ɗan ɗumin ƙasa ya tsere, a wayi gari raɓa ta daskare a gilashin mota, hazo ya cika kwari. Uwa ɗaya ce ta haifi lumshin da wannan.

Mutane sukan raina wannan yanayi don ba ya karya bishiya, amma ni a ganina ya fi cutar da lafiya a ɓoye. Daga 5 zuwa 9 ga Disamba 1952 irinsa ya zauna a kan Landan lokacin da kowane gida kwal yake ƙonawa. Hayaƙi ya rasa hanyar fita. A lokacin an ƙirga mutum wajen 4,000 da suka mutu, binciken baya kuma ya kai adadin kusan 12,000, abin da ya jawo dokar tsabtace iska ta 1956. Yanzu babu kwal a gidaje kamar da, amma ke da kike asibiti za ki lura masu asma da tsofaffi masu ciwon huhu sun fi yawaita a irin waɗannan makonni. A farkon Nuwamba 2024 an yi wani lumshin da wurare da dama a Ingila suka shafe fiye da mako kusan ba su ga rana ba.

To me ya kawar da shi? Amsar tana can sama da tekun Atlantika. A tsayin da jiragen fasinja ke tafiya, wajen kilomita 9 zuwa 12, akwai wani siririn kogin iska da ke gudu daga yamma zuwa gabas, wani lokaci fiye da kilomita 300 a awa. Masana suna kiransa jet sitirim. Abin da ke tuƙa shi shi ne bambancin da ke tsakanin iskar ƙurewar arewa mai tsananin sanyi da ta kudu mai ɗumi, kuma a lokacin sanyi ne bambancin ya fi girma, shi ya sa a lokacin ya fi ƙarfi. Idan wannan kogi ya yi lanƙwasa ya kewaye Birtaniya ta arewa, babban matsi yakan sami wurin zama, ya tare duk hadarin da ke tahowa. Wannan ne makonninki biyu. Idan ya miƙe sosai ya nufo Ailan da Ingila, to hanya ta buɗe. Sau da yawa mafarin abin yana gabashin Amurka da Kanada: sanyi mai tsanani ya kwararo daga ƙasa ya faɗa kan ruwan teku mai ɗumi, bambancin ya ƙaru, kogin iskan ya ƙara wuta, bayan 'yan kwanaki sai Mancesta ta ji a jikinta.

A ƙarƙashin kogin nan ake haifar ƙaramin matsi, shi ne hadarin ƙasar. Kogin yana zuƙe iska daga sama fiye da yadda take shigowa ta ƙasa, nauyin ya ragu, ma'auni ya faɗi zuwa 990, 970, wani lokaci ƙasa da haka. Iskar kewaye ta rugo don ta cike gurbin, juyawar duniya ta karkatar da ita, sai ta shiga zagaye saɓanin tafiyar hannun agogo. A babban matsi iska sauka take yi, a nan hawa take yi, kuma iska mai danshi in ta hau sai ta huce, tururinta ya zama gajimare mai kauri, ya zama ruwa. Akwai wata tsohuwar ƙa'ida da wani masani ɗan Holan, Buys Ballot, ya bayyana a 1857, kina iya gwada ta a bakin ƙofa: ki juya wa iska baya, tsakiyar ƙaramin matsin tana hannunki na hagu. A Mancesta yawanci za ki tarar hagun nan arewa maso yamma ne, wajen Sikotlan da Aislan, nan ce hanyar da suka fi bi.

Wannan hadari ba irin namu ba ne, a nan ne kuma kanki ya ɗaure. Namu zafi ne ke haifar shi. Ƙasa ta gasu, iska ta tashi tsaye, hadari ya haɗo daga gabas da tsawa da walƙiya, ya zubar cikin awa ɗaya ko biyu ya wuce yamma. Hunturunmu kuma iskar Sahara ce, ta ratso dubban kilomita na rairayi, ba ta da ɗigon ruwan da za ta bayar, sai ƙura. Saboda haka a wurinmu sanyi da bushewa tare suke tafiya. Hadarin Birtaniya ba ya buƙatar zafin rana ko kaɗan. Karo ne tsakanin iska mai ɗumi da mai sanyi, faɗinsa ya kan wuce kilomita dubu, daga yamma yake zuwa, ko da tsakar dare, kuma duk tafiyarsa a kan teku ya yi ta. Masanan birnin Bergen na ƙasar Norwe, Vilhelm Bjerknes da ɗansa Jacob da abokan aikinsu, su suka zana tsarinsa wajen 1919 zuwa 1922, har yau kuma da zanensu ake karanta taswira.

Tsarin yana da jerin da in kika riƙe shi za ki riƙa gane inda aka kwana ko ba waya. Da farko wani siririn gajimare fari yakan bayyana can ƙololuwa, wani lokaci rana ko wata su yi zobe. Iska ta koma tana busowa daga kudu ko kudu maso gabas. Gajimaren ya yi ta kauri yana saukowa, bayan wasu awoyi ruwa ya fara, ba da ƙarfi ba amma ba tsayawa, irin na marka. Wannan goshin iska mai ɗumi ne, jan layin da ke taswira, tana hawa a hankali bisa mai sanyin da ta tarar. In ya wuce sai ruwan ya koma yayyafi, gari ya yi danshi, ma'auni ya tashi. A nan ne wayarki ta nuna 11. Daga baya goshin iska mai sanyi, shuɗin layin, ya biyo: ruwa kamar da bakin ƙwarya na ɗan lokaci, iska mai fizga, wani lokaci da ƙanƙara. Sai iska ta juya ta koma daga yamma ko arewa maso yamma, sama ta buɗe, rana ta leƙo, ruwa ya riƙa zuwa yana ɗaukewa. Duka wannan kwana ɗaya zuwa biyu ne. Matsalar ita ce ba ɗaya ke zuwa ba. In kogin iskan ya miƙe, sukan jero uku, huɗu, kowanne da tazarar kwana ɗaya ko biyu.

Ɗumin da suke kawowa na teku ne. Ruwan da ke yamma da Ailan ko a tsakiyar sanyi yana wajen digiri 10, saboda teku ba ya saurin hucewa, ga kuma igiyar ruwa mai ɗumi da ke tahowa tun daga mashigin Meksiko. Garin Goose Bay na Kanada yana kan layi ɗaya da Mancesta, wato nisansu daga tsakiyar duniya ɗaya ne, amma matsakaicin Janairunsa ya wuce digiri 15 ƙasa da sifili. Glasgow da Mosko su ma layinsu ɗaya, je ki tambayi ɗaliban da suka yi karatu a Rasha. Wannan iska mai ruwa da kike kuka da ita, ita ce ta hana Birtaniya daskarewa.

Amma me ya sa kika fi jin sanyi a 11 fiye da a 3? Ma'auni zafin iska yake aunawa a inuwa, jikinki kuwa saurin da ɗuminsa ke fita yake ji. In gari ya yi tsit, akwai wata 'yar iska mai ɗumi da ke maƙale a fatarki da cikin tufafinki, ita ce ke kare ki. Iska mai gudu tana share ta, jiki ya sake ɗumama wata, a sake sharewa. Ruwa kuma ya fi iska saurin janye ɗumi da wajen ninki 25, ga shi in yana bushewa a jiki ya ƙara janye wani. Mutumin da ya jiƙe a digiri 8 cikin iska ya fi shiga haɗari a kan wanda yake a bushe a sifili. Shi ya sa a hasashen Met Office, hukumar hasashen yanayi ta Birtaniya, za ki ga lamba biyu, ta ma'auni da ta yadda jiki zai ji. Ta biyun za ki duba kafin ki shirya yara.

A nan kayanmu na gida sukan ci amanarmu. Atamfa da shadda da yadin hijabi na auduga suna shan ruwa su riƙe, su manne a jiki. A hunturun Zariya rigar sanyi mai kauri guda ta wadatar, don abokin gaba ɗaya ne. A can uku ne, sanyi da ruwa da iska, kuma babbar riga mai laushi da ruwa ke ratsawa ba ta maganin biyun ƙarshe. A sa mai ɗumi marar auduga a ciki, ulu ko makamancinsa a tsakiya, a ɗora wadda ruwa da iska ba sa ratsawa, mai hula, a kan hijabin. Takalmi ma wanda ruwa ba ya shiga, da safa ta canji a jakar makarantar yara. Lema kuwa, a ranar iska asarar kuɗi ce.

Wani abin da zai ba ki mamaki, ruwan da Landan ke samu a shekara wajen milimita 600 ne, bai kai na Kano ba. Bambancin shi ne namu a wata huɗu yake zuba, rana ta busar, nasu kuwa a barbaje yake duk shekara, a lokacin sanyi kuma babu ranar da za ta busar da shi. Ke kuma kin sauka a ɓangaren da ya fi jiƙa. Iskar yamma in ta iso Mancesta sai ta tarar da tuddan Pennines a gabanta, dole ta hau, in ta hau ta ƙara zubarwa. Waɗanda ke bayan tuddan, su York da gabashin ƙasar, ragowa suke samu. Can arewa da ke, a ƙauyen Seathwaite na yankin Cumbria, ruwan shekara ya kan wuce milimita 3,000. Kusa da ƙauyen, a Honister Pass, guguwar Desmond ta zubar da milimita 341.4 cikin awa 24 a Disamba 2015, wanda ba a taɓa auna irinsa a Birtaniya ba. Fiye da rabin ruwan Landan na shekara ke nan a yini ɗaya.

Lokacin da na fi so ki yi hattara shi ne ranar canjin kanta. Bayan dogon zaman babban matsi, iska mai sanyi ba ta kauwa da sauƙi, tana lafewa a ƙasa, mai ɗumin ta hau ta samanta. Abin da ya fara saukowa zai iya zama dusar ƙanƙara na 'yan awoyi kafin ya koma ruwa. Mafi muni, ruwa ya sauka a kan kwalta da ta kwana kwanaki tana ƙasa da sifili, ya daskare nan take, ya zama wani santsi marar launi da ido ba ya gani. Ke da kike fita aikin asuba ko kike tasowa daga na dare, wannan ya shafe ki kai tsaye. Littafin dokokin hanya na ƙasar ya ce tazarar tsayawar mota tana ninkuwa biyu a jiƙaƙƙen titi, a kan ƙanƙara kuwa har ninki goma.

Sai iska. Ƙarfin bugunta ba ya tafiya daidai da gudunta: in gudun ya ninka biyu, bugun ya ninka huɗu. Kuma ba matsakaicin gudun ke ɓarna ba, fizgar nan ce ta 'yan daƙiƙu. A taswira ki dubi layukan da suka kewaye ƙaramin matsin, in sun matsu da juna iska za ta yi ƙarfi. In ma'auni ya faɗi da milibar 24 cikin awa 24, to guguwa ce ta gaske ke ƙulluwa. Daren 15 zuwa 16 ga Oktoba 1987 irinta ta kayar da bishiyoyi wajen miliyan 15 a kudancin Ingila, mutum 18 suka mutu, kuma hasashen lokacin bai hango ƙarfinta ba. Ranar 18 ga Fabrairu 2022 guguwar Eunice ta yi fizgar mil 122 a awa, wajen kilomita 196, a tsibirin Isle of Wight, mafi ƙarfi da aka taɓa aunawa a Ingila. A 24 ga Janairu 2025 Éowyn ta wuce kilomita 180 a awa a gaɓar yammacin Ailan. Sunayen nan Met Office da takwararta ta Ailan suka fara raɗawa a 2015, Holan ta shigo a 2019, don mutane su fi mai da hankali. In kika ji an raɗa wa hadari suna, an ga alamar zai yi ɓarna ne.

Gargaɗinsu launi uku ne. Ruwan ɗorawa, ki sani kuma ki duba hanyarki. Ruwan lemo, ki sake shiri, jiragen ƙasa da wutar lantarki na iya tsayawa. Ja, rai na cikin haɗari, ba a fita sai dole. Kafin iska ta iso a shigar da kwandunan shara da kekunan yara, kada a ajiye mota ƙarƙashin bishiya, musamman in an jima ana ruwa, don jiƙaƙƙiyar ƙasa ba ta riƙe saiwa. In wuta ta ɗauke, 105 ake kira.

Ambaliya kuma ba hadarin farko ke kawo ta ba, na uku ne ko na huɗu, bayan ƙasa ta ƙoshi. Ki binciki ko gidanku yana kusa da kogi, ki yi rajistar saƙon gargaɗi na hukumar muhalli ta Ingila, Environment Agency, kyauta ne. Kogin Irwell ya shiga gidaje a Salford ranar 26 ga Disamba 2015, a Janairu 2021 kuma guguwar Christoph ta sa an nemi mazauna gidaje wajen 2,000 a Didsbury da Northenden su tashi saboda kogin Mersey. Duk a cikin garinku ne. Kada ki shiga ruwa mai gudu da mota, zurfin santimita 30 ya isa ya ɗaga ta.

A cikin gida akwai abu biyu da nake jin tsoro wa mutanenmu. Na farko gawayi. Mun saba da kasko a hunturu, da turaren wuta, a ɗakin da iska ke shiga ta ko'ina. Gidajen can a toshe suke. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum a cikin barci. Komai tsadar gas kada a yi ɗumi da gawayi, in kuma turare za ki sa, ki yi amfani da kaskon lantarki ki buɗe taga. Ki tabbata akwai na'urar gargaɗin wannan iska a gidan, tana kuma aiki. Na biyu danshi. Shanya a ɗaki, tururin girki, numfashin mutum huɗu, tagogi a rufe, duk wannan ruwa a bango mai sanyi yake sauka, baƙar funfuna ta fito a lungu da bayan kabad. A 2020 wani yaro ɗan shekara 2 ya rasu a Rochdale, nan kusa da ku, kuma bincike ya tabbatar funfunar gidansu ce sanadi. Ki riƙa buɗe tagogi na 'yan mintuna kullum ko ana sanyi, ki kunna fankar kicin da ta banɗaki, ɗakin da ake zama kada ya gaza digiri 18. In funfuna ta bayyana ki sanar da mai gidan a rubuce, ki ajiye hoto.

Batun bitamin D ke za ki koya mini. Tunatarwa kawai: hukumar lafiya ta NHS ta ba da shawarar maikurogiram 10 a kullum a kaka da lokacin sanyi, masu baƙar fata da masu rufe jiki kuwa duk shekara.

Zai daɗe? In kogin iskan ya miƙe yakan yi makonni a haka. Masana suna duba bambancin matsi tsakanin Aislan da tsibiran Azores: in ya yi girma, sanyin shekarar mai ruwa ne da iska da ɗumi-ɗumi, kamar na 2013 zuwa 2014 da guguwa ta yi ta bin guguwa har teku ya cinye layin dogo a Dawlish, a kudu maso yammacin Ingila. In ya ragu, hanya ta toshe, sanyi ya dawo, kamar Disamba 2010 da ya fi kowane Disamba sanyi cikin shekara ɗari. Kada kuma ki ajiye manyan riguna don kin ga 11. A ƙarshen Fabrairu 2018, mutane sun fara zancen bazara, babban matsi ya kafu a kan ƙasashen Sikandinebiya ya juyo da iskar Rasha, dusar ƙanƙara ta rufe ƙasar har cikin Maris. A dogon zango kuwa, ɗumamar duniya tana tura lokacin sanyin Birtaniya wajen ƙarin ɗumi da ƙarin ruwa, domin duk digiri ɗaya da iska ta ƙaru tana iya ɗaukar ƙarin tururi wajen kashi 7 cikin ɗari.

Wajen hasashe, ki riƙe na Met Office ko na BBC, ki bar jaridun da ke buga jajayen taswira suna cewa dusar ƙanƙara za ta binne ƙasa nan da mako uku. Zaɓen gwaji ɗaya suke yi cikin gwaje-gwaje da yawa da kwamfuta ta fitar, wanda ya fi ban tsoro. Hasashen kwana ɗaya zuwa biyu abin dogara ne har kusan awa. Na kwana biyar zai gaya miki irin yanayin, amma lokacin isowar ruwa na iya gocewa da rabin yini. Abin da ya wuce kwana goma kuwa karkata kawai yake nunawa. Don kai yara makaranta da ɗauko su, taswirar rada da ke cikin manhajar ta fi komai amfani: tana nuna inda ruwa yake a yanzu da inda ya dosa, ki dubi abin da ke kan Ailan da tekun da ke tsakaninku, yawanci shi ne zai iso Mancesta cikin 'yan awoyi.